Kafofin da Yaya Ya Toshe

Yayana, wanda muke uba ɗaya, shi ya kware rufin ɗakina ina can dajin zinariya, ya sayar da azarar, ya kafa mini tol, wato rufin kwano, sannan ya bi kafofin iska ɗaya bayan ɗaya ya toshe su da sima, wato siminti. Saboda wannan aiki nasa saura ƙiris in binne mutum uku a yini guda. Na faɗa tun daga farko don kada wani ya ce ina kewaye-kewaye. Ni ba mai ilimi ba ne, lakwal ma, makarantar boko, na bar ta ban kai ga satifika ba, amma abin da aka yi mini na san shi, kuma hannuna ya iya rubuta shi.

Gidan na gado ne, a tsohon garin Agadas, cikin lungun da mota ba ta shiga. Da mahaifinmu ya rasu aka raba, shi ya ɗauki zaure da ɗakunan gaba, ni aka bar mini ɗaki guda da rumfa a ƙurya. Ɗakin ƙasa ne mai kaurin bango. Rufinsa azarar goruba, bisa azara tabarmi, bisa tabarmi ƙasa a daddaɓe. Can sama, dab da rufi, akwai ƴan kafofi a jere, wasu ta gabas, wasu ta yamma, kowace hannun babba zai shige ta. Ban taɓa tambayar kowa amfaninsu ba, mun taso mun gan su ne kawai. Da bazara in ka shiga ɗakin nan kamar ka sa kai cikin randa. Lokacin ɗari kuwa garwashi kaɗan ya ishe shi. A ciki uwata ta yi jegona, da kaskon wutarta.

Shekarar da na bi samarin kudu zuwa Jado haƙar zinariya, na bar matata da ƙaramin ciki. Ina can aka yi ruwa mai ƙarfi a gari, indararo ya cushe, kusurwa ɗaya ta fara yoyo. Ta kira ni ta gaya mini. Yaya maso ne, gini sana'arsa, don haka shi na kira. Na ce masa kusurwa ce ke zuba, a buɗe indararo, a yaɓe wurin. Ya ce in kwantar da hankalina. Abin da na ce masa ke nan, ban ƙara ko kalma ba.

Na dawo a farkon ɗari, da tari a ƙirji da abin da bai taka kara ya karya ba a aljihu. Tun daga bakin lungu na hango wani abu yana ƙyalli a inda rufina yake. Yaya ne ya tarye ni a zaure, yana washe baki.

"Ka ga aiki? Na fitar da kai daga kogon ɓeraye."

Na shiga na duba. An rage tsawon bango, an shafe shi da sima ciki da waje. An sa palafon, wato silin, na katako, ƙasa-ƙasa, in na miƙa hannu ina taɓa shi. Ƙyauren itacen mahaifinmu babu, ƙofar ƙarfe ce mai sakata ta ciki, da taga ɗaya ta ƙarfe wadda in an rufe ko allura ba ta wucewa.

Na ce, "Yaya, azarar fa?"

"Waɗannan ruɓaɓɓun itatuwa? Su suka biya tol ɗin. Ka gode ma da aka samu mai ɗauka."

Daga baya maƙwabcina ya gaya mini ya ga inda aka kai su. Wani mai kuɗi ne ke gina masaukin baƙi a bayan gari, da rufin ƙasa, don baƙinsa sun fi son ɗaki mai sanyi. Azarar ubana tana can bisa kan waɗanda ban sani ba.

Na ce, "Kafofin sama fa?"

"Hanyar tsaka da kunama. In ka haƙo zinariyar taka ai kilima za ka sa. Wa ke sa kilima a ɗaki mai huji?"

Ban haƙo komai ba, kuma ya sani. Kuran ɗin ma, wato lantarkin da za a kunna kilimar mai sanyaya ɗaki da shi, ya zo yanzu ne ya ɗauke an jima. Na bar maganar don ya girme ni, kuma matata tana tsaye da ciki har wuya, ba na son hayaniya a gabanta.

Ba a jima ba ta haihu, namiji. Gwaggonta ta zo daga Ingal don ta yi mata jego. Tsohuwa ce mai kirki, mai taurin kai, ta yi wa mata da yawa wannan hidima. Dokarta ɗaya, kada sanyi ya shigi mai jego. Safe da yamma ta tafasa ruwa da ganye ta yi mata wanka, ta dama kunun kanwa, ta cika kasko da garwashi ta tura kusa da gado, ta ja ƙofa. Haka aka yi wa uwata, haka aka yi wa uwarta, a ɗakunan da ke numfashi.

Sai dai wannan ɗaki ba irin wancan ba ne. Tol ba ya riƙe ɗumi. Da rana ya gasa ka, rana na faɗuwa ya koma kamar ƙanƙara, sanyi ya dinga sauka ta palafon. Kasko ɗaya ya kasa, Gwaggo ta aro na biyu. Buhun gawayin da ke yi mana wata a da, yanzu kafin in waiwaya ya ƙare. Tururin wanka kuma ba shi da hanyar fita, sai ya kwanta a bango, simar ta dinga gumi, palafon ya yi baƙi a kusurwoyi.

Bayan suna matata ta fara kukan ciwon kai. Gwaggo ta ce jini ne bai gama sauka ba. Ita ma Gwaggon ta fara ɗaure goshi da ɗankwali, ta ce tsufa ne da canjin ruwa. Matata in ta miƙe sai jiri ya ɗebe ta, ta dafa bango. Aka kawo rubutu ta sha, aka yi turare, wanda shi ma garwashi ne aka ƙara.

Abin da ya fi tayar mini da hankali yaron ne. Ba ya kuka. Barci yake yi, barci, sai an girgiza shi ya kama nono, ya ja kaɗan ya saki. Mata masu zuwa barka suna yaba shi.

"Kai, wannan yaro akwai haƙuri. Ba ruwansa da fitina."

"Ubansa ya biyo," wata ta ce, suka yi dariya.

Ni ban yi dariya ba. Duk lokacin da na shiga na zauna kusa da su, kafin in shanye shayi sai in ji wani abu ya ɗaure mini kai ta gefen ido biyu, zuciya tana bugawa da sauri, jiki ya mutu, in ji ba abin da nake so irin in kwanta. In na fita tsakar gida na sha iska sai ya sake ni. Kuma na san wannan ciwon kai, na taɓa jin sa. A daji, in aka kunna gurup, wato janareta, kusa da bakin rami don a ja ruwa ko a kunna fitila, hayaƙinsa yakan gangara ƙasa. Ba ka ganin komai, wani lokaci ko wari babu. Akwai wani yaro daga kudu da muke rami ɗaya, mai yawan waƙa. Ran nan muka ji waƙar ta tsaya, muka ce hutawa yake. Da muka jawo shi, fuskarsa lafiya lau kamar mai barci, har da ɗan ja a leɓe. A can muka binne shi.

Na je wurin Yaya. Na same shi a wani gini da yake yi, yana bisa bango, ma'aikatansa suna miƙa masa bulo.

Na ce, "Yaya, ɗakin nan ba ya fitar da hayaƙi. Ina so a buɗe kafofin."

"Wane hayaƙi? Gawayi yana hayaƙi ne?"

"Irin na rami. Wanda ba a gani."

Ya juya ga mutanensa. "Kun ji injiniyan Jado. Ya je neman zinariya ya dawo da aljanu." Suka kwashe da dariya. Sannan ya dube ni, ya daina murmushi. "Bangon yamma nawa ne, shi ya raba mu. Na gabas kuma in ka fasa simar, damina ta zo ruwa ya shiga, kada ka neme ni. Aikina ba a taɓa shi. Mace ta haihu ta yi ciwon kai, yau aka fara?"

Na koma gida na ce wa Gwaggo a rage wuta, a bar ƙofa a buɗe ko da tafin hannu ne. Ta dube ni kamar na zage ta.

"Ɗan nan, so kake ta kumbura? In sanyi ya shige ta yanzu, har ta mutu ba ya fita. Harkar mata ce, je ka zaure."

Matata tana kwance idonta rabi a rufe. In ina gida sai in tura ƙofar in sa dutse. In na fita a cire dutsen. Kuma dole in fita, don lokacin ina lodin albasar Tabalot a tasha, in ban je ba babu cefane. Kwanakin nan ban san ɗanɗanon abinci ba. Ina ɗauke da buhu a kai, hankalina yana kan ƙofar ƙarfen nan. Wayata in ta yi ƙara sai in sauke buhun in duba.

Ranar da abin ya faru an tashi da ɗari mai shiga ƙashi, ruwan buta ma ba ya taɓuwa. Kafin in fita na ga Gwaggo tana hura kasko biyu. Na roƙe ta, na ce don girman Allah ta bar taga. Ta ce to. Da hantsi muna tsakiyar lodi na kira wayar matata, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na sake kira. Na sauke buhun da ke kaina a ƙasa, mai mota yana zagina, na tare ɗan kabu-kabu.

Tsakar gida shiru. Tukunyar wanka tana gefe, ta huce. Ƙofa a rufe, taga a rufe. Na buga, na kira matata, na kira Gwaggo. Na kara kunne a jikin ƙarfen, ɗumi na ji, ba motsi. Na ja baya na doke ta da kafaɗa. Da ƙyauren ubana ne da tuni ya faɗi, wannan ko girgiza ba ta yi ba, an sa sakata ta ciki. Na yi ihu. Ban san me na ce ba, maƙwabcina ya ce sunan Allah kawai nake maimaitawa. Ya fito da gudu, matarsa a bayansa. Ya kama taga yana ja, ita ma a kulle.

Na ce ya ba ni ƙarfen cire taya. Na taka katanga na hau rufin. Tol yana lanƙwashewa ƙarƙashin ƙafata, ƙarfen ya kuɓuce mini, na sake ɗauka. Na soka shi ƙarƙashin ƙusa na ɓanɓare, na kama bakin tol ɗin da hannu na naɗe shi. Ya yanke mini tafi, ban ji ba sai daga baya. Ga palafon a ƙasa. Na taka shi da dukkan ƙarfina, ya ɓurma, na faɗa ciki tare da shi.

Ɗakin ɗumi, tsit, har da ƙamshin turare. Gwaggo tana zaune a ƙasa ta jingina da gado, kanta ya faɗo a ƙirji, carbi a hannu. Matata a kwance ta gefe, ta yi amai a matashi. Yaron yana jikinta, bakinsa a buɗe kusa da nono. Na taɓa shi, jikinsa laushi kamar tsumma. Fuskar yaron ramin nan ce na gani, sak.

Na zare sakata. Jaririn na fara fitarwa, na miƙa wa matar maƙwabci. Muka ciccibo matata, muka ciccibo Gwaggo, muka shimfiɗe su a rana. Lungu ya cika. Wata tana yayyafa ruwa, wata ta fasa albasa tana kai musu hanci, wata tana cewa a ɗura musu madara. Wani dattijo ya fara salati irin wanda ake yi in an gama. Na daka masa tsawa, ni da ban taɓa ɗaga wa babba murya ba. Na sa kunne a ƙirjin matata, akwai bugu, can nesa. Na yaron ban iya ji ba, don tawa zuciyar ta cika mini kunne.

Mota ba ta shiga lungunmu, sai a hannu muka ɗauke su har bakin hanya. Ni na riƙe yaron. Tafiyar nan ba ta da tsawo, kullum ina yin ta, amma ran nan na ga kamar ana ƙara ta. Ina gudu ina hura masa iska a fuska, ina ce masa ya yi kuka, ya yi kuka mana.

A likita, wato asibiti, majo, babban ma'aikacin jinya, ya dube su sau ɗaya ya ce, "Gawayi?" Na ce e. "Ɗaki a rufe?" Na ce e. Bai ƙara tambaya ba, aka sa musu abin shaƙar iska, aka tura ni waje. Na zauna a dakali, jini yana ɗiga daga hannuna, wata ma'aikaciya ta zo ta ɗaure mini ban ko dube ta ba. Duk wanda ya fito daga ƙofar nan sai in miƙe, in duba fuskarsa. Na yi alwala don azahar, na tsaya, na kasa tuna raka'a nawa na yi. A raina har na fara lissafin inda za a samu likkafani ƙarami, sai in yi a'uziyya, sai tunanin ya dawo.

Matata ce ta fara farfaɗowa, tana tambayar ina ɗanta. Sai wajen la'asar na ji wani ɗan sauti daga ciki, siriri, kamar na ɗan akuya. Ya tsaya. Ya sake tashi da ƙarfi. Majo ya leƙo ya ce, "Naka ne ke wannan rigima." Na zauna a ƙasa.

Gwaggo ta fi su daɗewa. Ta tashi, amma ba ta koma yadda take ba. Takan sa abu ta manta, takan kira matata da sunan uwarta. Ƴaƴanta suka zo suka mayar da ita Ingal, ba ta sake yi wa kowa jego ba. Majo ya ce da na ƙara jinkiri kaɗan da sai dai wani zancen. Na tambaye shi ko abin zai taɓa kan yaron nan gaba. Ya ce a bar wa Allah, a sa ido. Ina sa ido har yau. Yaron ya girma, yana zuwa lakwal, amma in malaminsa ya ce ya yi jinkirin gane wani abu sai in tuna ranar nan. In ya yi barcin rana ya daɗe, sai na je na sa yatsa a hancinsa. Ni kaina ba na iya zama a ɗakin da aka rufe ruf, ko a gidan mutane ne sai in nemi kusa da ƙofa.

Yaya bai zo likita ba. Ya aiko matarsa da kunu, da saƙon cewa yana da aikin da ba ya barinsa.

Kafin a sallame su na koma gida na ari tsani da diga. Na hau na fara da bangon gabas, ina ƙwanƙwasawa har in ji inda sima ke amsawa da ƙarar rami, in fasa. Kafofin suna nan yadda suke, ya cusa musu ɓaraguzan bulo ne ya shafe. Na gama gabas na juya bangon yamma, wanda ya ce nasa ne. Ina cikin fasa ta biyu ya shigo, da ƙurar sima a rigarsa. Ya dubi rufin da na yage, ya dubi bangon.

"Kai! Me kake yi haka? Ka san nawa tol ɗin nan? Sauko!"

Na ci gaba da fasawa.

"Da kai nake. Abin da ya faru ƙaddara ce, Allah ya kiyaye gaba. Tsohuwa ta cika wuta, sai a ce laifin gini ne? Gari cike yake da tol, kowa mutuwa yake?"

Na sauko. Digar tana hannuna, na ga ya ja da baya. Na jingine ta a bango don kada gobe ya ce na ɗaga masa ƙarfe. Maƙwabta sun leƙo ta katanga, matarsa tana tsaye a bakin zaure. Na fuskance shi.

Na ce, "Yaya, ka girme ni, tun muna yara ban taɓa mayar maka da magana ba. Kusurwa na ce ka yaɓe mini. Ka sayar da rufina, ka rufe mini iyali cikin gwangwani. Na bi ka har wurin aikinka na gaya maka suna mutuwa, ka sa aka yi mini dariya. Da sun tafi, kai za ka zauna a kan tabarma kusa da ni kana karɓar gaisuwa, kana cewa ƙaddara. Zumunci ba zan yanke ba, don ina tsoron Allah, in mun haɗu a masallaci zan ba ka hannu. Amma daga yau ko ka ga ɗakin nan yana rushewa a kaina, ka wuce abinka. Hannunka kada ya sake taɓa bangon da ɗana yake kwana a ciki."